ABIN DA NA GANI A ROMA, GARIN TUDDAI BAKWAI

(Jawabin da wani malamin lakwal, ɗan garinmu Kalfu, ya yi wurin taron ƙungiya)



Shugaban ƙungiya, liman, iyayenmu dattawa maza da mata, yayyena da ƙannena da kunka zo daga Tawa da Yamai, da waɗanda sunka komo daga kurmi, ina gaishe ku, barkanku da zuwa. Shugaba ya ce in tashi in hwaɗa ma jama'a abin da na gani a ƙasar Italiya, tun da ana ta tambayata ɗaya ɗaya a bakin kasuwa da ƙohwar masallaci. Ya kuma ce in rubuta a sa cikin takardar ƙungiya, don namu da ke Abijan da Libiya su samu su karanta. In na yi tsawo dattawa su yi mini haƙuri. Malamin lakwal in ya samu masu saurare da ba su tsokanar juna, ba ya son zamnawa.

Na tahi a tsakiyar watan Satumba na 2024, na yi kwana 12. Wata ƙungiyar malaman makaranta ta can ce ta gayyace mu, mu shida, mu ga yadda suke karantar da yara, kuma su sunka biya jirgi da masauki. Zancen aikin lakwal na kai shi inda ya kamata. Yau zancen gari za ni yi.

Mun tashi Yamai da dare, munka sake jirgi a Kasabalanka ta Maroko, munka sauka hilin jirgin Fiumicino, kusa da teku. Daga nan jirgin ƙasa ya kai mu babbar tashar da ake ce ma Termini cikin minti 32. Kuɗinsu yuro ne. Yuro guda sefa 656 ke nan, watau dala ɗari da talatin da ɗaya da ɗan abin da ya hau. Ku riƙe wannan lissahi, za mu buƙace shi. Wannan jirgin na rabin awa yuro 14 munka biya, jikka tara da wani abu, ya kusa kuɗin bis daga Tawa zuwa Yamai.

TUDDAN

Tun muna lakwal anka karantar da mu cewa Roma bisa tuddai bakwai take. Sunayensu sai mai haƙuri: Palatino, Kampidoliyo, Abentino, Celiyo, Eskilino, Biminale da Kirinale. Bisa Kirinale gidan shugaban ƙasa yake, bisa Kampidoliyo kuma ofishin magajin gari. Amma kada ku sa ma ranku wani babban abu. Tsawonsu metir 50 ne zuwa 60 daga bisa ruwan teku. Duk wanda ya taɓa hawan dutsi a hanyar Keita ko ta Buza ya hau abin da ya hi su. Wasu ma gine-gine sun haɗiye su, ba ka sanin kana bisa tudu sai ka ji gwiwa tana yi maka magana.

Gwiwa kuwa tana magana. Inda mu muke bin hanyar jakkai muna zagaye dutsi, su matakala sunka sassaƙa. Akwai wata a Kampidoliyo mai taki 124, na ƙirga da kaina. Akwai wadda ake ce ma matakalar Sipaniya mai taki 135, kuma tun 2019 an hana zama bisanta: ka zamna ka huta, ɗan sanda ya busa maka usur. Na ga tsohuwa da ta girmi iyata tana hawa da jakar cehwane, ba ta ko haki, mu samari muna bayanta muna neman inuwa. Titunan tsohon gari ba gudaro ba ne. Baƙin dutsi ne anka hwashwashe ƙanana, kowane kamar dunƙulen hannu, anka jera su ɗaya gehen ɗaya bisa yashi. Yana cin takalmi, yana santsi in an yi ruwa. Amma in tiyo ya hwashe a ƙasa sai su ɗebe duwatsun, su gyara, su maida su wurinsu, kuma ruwan sama yana samun inda zai ratsa tsakaninsu.

Akwai tudu na takwas, Janikolo, ƙetaren gulbi, ba a sa shi cikin bakwai ɗin amma ya hi su tsawo. Daga can ake ganin gari duka. Kullum ƙarhe goma sha biyu na rana sojoji suna buga igwa guda a wurin. Wani Paparoma ne ya kawo wannan al'ada a 1847, don ƙararrawar majami'u ta riƙa bugawa lokaci ɗaya.

A can bisa na tsaya ina duban garin da idon Ba'adare. Mutumin Adar in ya ga tudu da kwari tambaya biyu ke zo mishi: ruwan sama in ya sauko ina yake bi, ruwan sha kuma daga ina yake hitowa? Sauran kwanakina kusan duka amsar waɗannan biyu na bi ina nema, har abokan tahiyata sunka sa mini suna mai pampo.

INDA RUWAN SAMA KE BI

Bisa ga labarin da su kansu suke bayarwa, an kahwa garin shekara 753 kahin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Mutanen hwarko bisa tuddai sunka zamna, don tsakanin tuddan hwadama ce mai laka da sauro, ga gulbin Tibre yana cika yana shiga. Sai wajen shekara 600 kahin Annabi Isa sunka haƙa wata babbar magudana, sunka janye ruwan hwadamar zuwa gulbi, wurin ya bushe ya zama kasuwarsu da dandalin shawara, wanda ake kira Forom. Sunan magudanar Kolowaka Makisima. Na ga bakinta daga bisa gada, bakan gizo ne na dutsi, kuma har yau wani sashe nata yana ɗaukar ruwa. Shekara 2,600 ke nan. Ku tuna kanibo nawa kunka gani an gina a garuruwanmu, damana uku ta cika shi da yashi da leda.

Duk da haka gulbi bai bar su ba. A jikin bangon wata majami'a kusa da Panteyon akwai ƴan allunan dutsi, kowane yana nuna inda ruwa ya kai da shekarar da ya kai. Na 1598 shi ne can bisa, kusan metir 4 daga ƙasa. Bayan ambaliyar 1870 sunka yanke shawara, daga 1876 sunka hwara gina ma gulbin dogayen bango hagu da dama, aikin da ya ci kusan shekara 50. Wannan allon ya tsaya mini a rai, don ina can ne ruwan 2024 yana rushe gidaje a ƙasarmu, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Mu in ruwa ya yi ɓarna sai mu ce bana an yi ruwa, bayan shekara goma kuma yaro ya zo ya gina ɗakinshi daidai inda ruwan ya bi. Alama a jikin bango ba ta cin ko dala.

INDA RUWAN SHA KE HITOWA

Nan ne zancen yake, ku ba ni kunne.

Mutum bisa tudu ba ya da ruwa, wannan mun hi kowa sani. Rumawan da, da garinsu ya girma, ba su tsaya ga rijiya da gulbi ba. Sun tahi cikin duwatsun gabas da gari inda idanun ruwa suke, sunka gina ma ruwan hanya har cikin birni. Ta hwarko an yi ta shekara 312 kahin Annabi Isa. A ƙarshe sun kai 11. Wadda ake ce ma Marsiya tsawonta kilometir 91, ya hi nisan Tawa zuwa Keita. Ba inji, ba gazuwal, ba lantarki. Gangara kawai. Mahi yawan hanyar cikin ƙasa take, inda kuma ƙasa ta yi kwari sai su ɗaga ta bisa bakan gizo na dutsi, ɗaya bayan ɗaya, don ruwan ya iso gari yana sama, ya iya hawa bisa tuddai. Na je wani hili a gehen gari inda ragowar waɗannan bakuna suke tsaye, wasu sun hi dogon giginya.

Abin da ya hi ba ni mamaki shi ne awon. Akwai wata hanyar ruwa mai suna Birgo, an gina ta shekara 19 kahin Annabi Isa. Tsawonta wajen kilometir 20, amma tsakanin inda ta taso da inda ta ƙare bambancin tsawon ƙasa wajen metir 4 ne kawai. Ku raba: kowane kilometir guda ruwan yana sauka taƙi guda. In gangarar ta yi yawa ruwa ya ci ginin, in ta yi kaɗan ya kwanta. Iyayenmu mata da sunka yi aikin gandari sun san wannan ilimin, shi ne na tiyon nan mai ruwa a ciki da sanda biyu da ake auna hwako da shi kahin a jera duwatsu. Ilimi guda ne, girman aikin ne ya bambanta.

To wa ke kula da su? A shekara ta 97 bayan Annabi Isa sarki ya naɗa wani dattijo mai suna Forontinus sarkin ruwa na birnin. Mutumin nan ya bi hanyoyin, ya auna abin da ke shiga da abin da ke isowa, ya ga ba su yi daidai ba, ya rubuta littahi a kai, kuma littahin yana nan har yau. A ciki ya ba da labarin masu gonaki da ke huda hanya su sha da gonarsu, da ma'aikatan da ake ba toshiya su ƙara ma wani girman tiyo. Kun ji, halin ɗan Adam bai sake ba. Ya ce ma'aikatan gyara 700 ne, kashi biyu, 240 da 460, ba su da wani aiki sai bin hanyar ruwa, kankare ƙanzo, toshe tsaga. Gaskiya a hwaɗe ta, bayi ne. Wannan ba abin koyi ba ne. Amma adadin abin dubawa ne: mutum 700, kowace sahiya, shekara da shekaru.

Ranar da gyara ya tsaya kuma an ga abin da ya biyo. A shekara ta 537 wasu mayaƙa da ake ce ma Got sunka kewaye garin sunka yanke hanyoyin ruwa. An gyara wasu, amma ba mai ƙarhin riƙe su kamar da. Yaƙi da annoba sun yi nasu. Garin da ya taɓa ɗaukar mutum wajen miliyan guda ya koma bai kai 50,000 ba, kuma waɗanda sunka rage sunka sauko daga tuddai sunka matsu a bakin gulbi, suna shan ruwanshi. Tuddan sunka koma gonakin inabi da makiyaya. Sai a 1453 wani Paparoma ya gyara hanyar Birgo, a 1587 wani ya kawo sabuwar hanya bisa tuddan gabas, sannan mutane sunka sake hawa.

Yau ko'ina ka bi cikin garin akwai ƴan pampuna na baƙin ƙarhe, tsawonsu ya kai ƙugu, da lanƙwasasshen baki. Suna ce musu nasoni, watau masu dogon hanci. An hwara kahwa su a 1874, yanzu sun kai wajen 2,500. Ruwan sanyi ƙalau, kyauta, ba mai tsaro, ba mai karɓar dala biyar. In ka toshe bakin da yatsa sai ruwan ya tsarto ta wata ƴar huda a bisa, ka sha ba moɗa. Kuma ba su da makulli, dare da rana suna zuba. Jama'a, ranar hwarko hannuna ya yi ta neman inda zan ruhe. Na tuna ƴan matanmu da jarka bisa jaki a watan Afrilu. Na tambayi wani malami cikin masu masaukinmu, ya ce zubar tana hana ruwa kwana cikin tiyo ya lalace, tana kuma wanke magudanai. Ban ce mishi komi ba, amma raina bai kwanta ba. Su ma dai sun taɓa jin jiki: a hwarin 2017 an ruhe da yawa daga cikin pampunan, har Batikan ta kashe nata maɓuɓɓugan.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce mushe ya ce mu yi irin na Roma. Ba za ta yiwu ba. Su suna samun ruwan sama kusan milimetir 800 a shekara, mu a Tawa tsakanin 350 da 400 in Allah ya sa an dace, kuma cikin wata uku. Bayansu akwai manyan duwatsu masu idon ruwa da ba ya ƙahewa. Mu namu yana zuwa rana ɗaya da hushi, ya kwashe ƙasa ya wuce. Su aikinsu jawo ruwa ne daga nesa, mu namu tsayar da shi ne inda ya hwaɗi.

Ƙarshen hanyar Birgo shi ne maɓuɓɓugar Tirebi, wadda anka gama a 1762, da dawakin dutsi da ruwa yana kwarara tsakaninsu. Kyau kam akwai. Mutane sun yi cincirindo, kowa ya juya baya ya jehwa kuɗi cikin ruwa, wai don ya sake dawowa garin. Ana kwashe hiye da yuro miliyan guda a shekara, ana ba ƙungiyar Karitas ta ciyar da talakawa. Ni ban jehwa ba. Na ga dai camhi bai san hwari ko baƙi ba.

TSOHON GARI

Kolize kowa ya gan shi a hoto. An gama shi a shekara ta 80, yana ɗaukar mutum wajen 50,000, shiga yuro 18 munka biya, kusan jikka goma sha biyu. Gini ne na ban tsoro. Amma da anka nuna muna ramukan ƙasa inda ake tsare zakuna da mutanen da za a sa su kashe juna jama'a na tabi, sai na ji wurin ya hita raina. Ban daɗe ba.

Abu biyu sun hi shi tsaya mini. A cikin Forom akwai wata babbar ƙohwa ta dutsi da anka gina ma sarki Satimiyus Seberus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211. Ɗan Afirka ne. An haihe shi a Lebda, dab da garin Hums na Libiya, gabas da Tarabulus. Na san cikinku akwai waɗanda sunka yi aikin gini ko gona a wannan yankin. To ku sani ƙasar da kunka sha wahala cikinta ta taɓa ba Roma sarki.

Na biyu wani tudu ne a unguwar Testaciyo, tsawonshi wajen metir 35, ciyawa da itace sun ruhe shi. Ba Allah ya yi shi tudu ba, juji ne. Tulunan man zaitun ne da ake kawowa cikin jiragen ruwa, yawanci daga Sipaniya, wasu daga Libiya da Tunisiya. In an juye man sai a hwasa tulun a jera tsingaron a tsanake, a zuba hwarar ƙasa don wari. Masana sun ƙiyasta tulu miliyan 53. Har jujinsu da tsari anka yi shi, shi ya sa bai zube bisa unguwa ba.

GIDAN DA KEITA TA SANI

Ƙarƙashin tudun Abentino, gehen hilin sukuwar dawaki na Rumawan da, akwai wani dogon hwarin gini da tutoci. In ka hito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Cirko Masimo kana ganinshi. Shi ne babban gidan FAO, hukumar cimaka da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana nan tun 1951. PAM da FIDA su ma a Roma manyan gidajensu suke. Tarihin ginin da ban mamaki. Musolini ne ya sa anka hwara shi don ma'aikatar mulkin mallakar ƙasashen Afirka. A gabanshi ya kahwa wani dogon dutsi mai metir 24 da sojojinshi sunka ɗauko daga Akasum ta Habasha a 1937. Habasha ba ta daina bin abinta ba sai da anka maida mata shi a 2005, gunduwa uku cikin jirgin sama.

Na tsaya ƙetaren titi ina duban gidan. Ban shiga ba, ba a shiga sai da takarda. Amma na san ta nan takardun porojen Keita sunka bi. Yaran yanzu ba su san shi ba, dattawa su gyara mini. Bayan hwari, a 1984, zamanin Seyni Kunce, anka buɗe shi da kuɗin Italiya, FAO tana riƙe da aikin, PAM tana ba ma'aikata cimaka. Maza sun tahi bida, don haka mata ne sunka ɗauki duwatsun da kai, sunka haƙa ramu a jikin dutsi, sunka dasa itace. Cikin shekara kamar 20 an raya hiye da hekta 30,000, an dasa itace wajen miliyan 18, an yi baraji da madatsai cikin kwaruruka. Hwakon da ko akuya ba ta tsayawa bisanshi ya ba da hatsi. Mu ma nan Kalfu mun ga irin aikin, mun koyi tassa da rabin wata da gandari.

Sai na riƙa haɗa wannan da zancen Forontinus. Gina abu wuya ne, amma ana samun mai taimako, don akwai ranar buɗewa da tuta da hoto. Gyara ba ya da ranar buki. Kowa a nan ya san wani jeren duwatsu da ruwa ya ɓalle ma baki tun shekaru, tsagar da mutum biyu za su toshe da hantsi guda, yau ta zama kwazazzabo raƙumi na shiga. Ga abin da nake roƙon ƙungiya ta sa cikin shawarar yau. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda ba su tahiya bida. Bayan kowane babban ruwa su zagaya gandari da madatsai da bakin rijiyoyi, su rubuta cikin kaye guda abin da ya ɓalle da inda yake. A karanta kayen wurin taro. A ba su ɗan abin goro daga cikin kuɗin da ƴan kurmi ke aikowa. Kayen da biro ni zan saya, kuma ƴan ajina na CM2 za su iya riƙa musu rubutu.

CIMAKA DA SALLA

An tambaye ni ko akwai masallaci. Akwai, babba ƙwarai, a arewacin gari, gindin wani tudu mai itace. Sarki Faisal na Saudiyya ya sa ƙarhi wurin kahwa shi, hukumar gari ta ba da hili a 1974, anka buɗe shi a 1995. Ginshiƙan ciki kamar itacen dabino suke, suna buɗewa a bisa. Na yi Juma'a can, sahu guda da mutanen Maroko, Masar, Bangaladash da Senegal. Bayan salla ana saida abinci a ƙohwa kamar dai gida. Batikan ita ma na je, ƙasa ce mai kanta a cikin garin, hekta 44 kacal, gonar wasu cikinku in an haɗa da ta ƴan uwansu ta kusa kai haka. Liman ya tambaye ni ko su ne Rumawan da sura ta ambata. Malaman tarihi sun ce waɗancan Rumawan gabas ne, masu hwada a birnin da yau ake kira Istambul. Tushe guda, gida biyu.

Cimakarsu makaroni ne, iri-iri, rana da dare. Mai zuwa ya yi hattara, manyan miyun garin guda biyu, karbonara da amatiriciyana, da naman alade ake yin su, kuma yankan ƙanana ne, ba ka lura. Kalma guda za ka riƙe, mayale, shi ne alade. Kusa da Termini akwai kasuwar Eskilino, can na samu mahwauta musulmi, da kuɓewa da doya da barkono. Kafe kuwa a tsaye ake shan shi, kurɓi biyu a ɗan ƙaramin kohi. In ka zamna bisa kujera kuɗin ya ƙaru. Na ba su labarin shayinmu mai hawa uku da awa biyu, sunka ce yaushe muke aiki.

NAMU DA KE CAN

Wannan don samari nake hwaɗinshi, da iyayen da ke saida bisashe su ba su guzuri.

Tikitin bis yuro guda da rabi ne, jikka guda ke nan ba kaɗan, yana aiki minti 100. Biza kaɗai yuro 90, jikka 59. Ku auna sauran da kanku. Wanda ya ji ana biyan yuro sai ya buga da 656 ya ga ya yi arziki. Ya manta can zai ci, can zai kwana, da yuro.

A bakin Kolize akwai samari baƙaƙe suna bin baƙi da warwaron zare, suna ɗaura ma mutum a hannu don ya ba su wani abu. In ƴan sanda sun ɓullo sai su watse. Da dare gehen Termini na ga mutane kwance bisa kwali jere da bango, da yawansu namu ne ƴan Afirka. Wata rana ina magana da abokina cikin bis sai wani ya juyo ya yi muna sallama da Hausa. Ba zan hwaɗi garinsu ba. Ya bi ta Agadas da Sabaha, ya hau kwale-kwalen roba. Shekararshi bakwai can, yana wanke kwanoni a gidan abinci, su biyar a ɗaki guda. Ya samu takarda, yana aika ma gida, ya ce alhamdu lillahi. Amma uwarshi ta rasu bai gan ta ba, kuma cikin waɗanda sunka hau ruwa tare ba duka sunka sauka ba. Ya ce hoton da yake aikawa gida, gaban motar wani yake tsayawa a ɗauka. Hukumar OIM ta ƙirga hiye da mutum 30,000 da sunka mutu ko sunka ɓace a tekun Bahar Rum tun 2014. Ban ce kowa na can yana wahala ba, na ga ɗan Afirka direban bis, na ga mai shago. Bida gadonmu ce, da kuɗinta anka gina rabin garin nan, ni kaina da kuɗin Abijan anka saya mini kayan lakwal. Amma hanyar Abijan ana komowa a yi noma.

Saura tambayar baba da ke zamne can gaba, wanda ya tare ni tun ranar da na sauka ya ce shin suna da bisashe. Suna da su, baba. Cikin garin kanshi, ba nisa da bakunan ruwan nan da na hwaɗa muku, akwai wani kwari mai ciyawa da ake ce ma Kafarela. Can na iske garken tumaki sun hi ɗari, da makiyayi da karnuka hwarhwaru manya, ga dogayen gidaje kewaye da su. Tumakin masu gashi ne, ba su kai balami tsawo ba, ba za su yi kuɗi a kasuwar Tawa ranar Lahadi ba. Don nono ake kiwonsu. Da shi ake yin wani cuku mai gishiri da tauri, pekorino, wanda suke gogawa bisa makaroni. Na ɗanɗana, na ba masu masaukinmu namu cukun da na tahi da shi, sunka karɓa sunka ci da kafe.

Hotuna suna wurin magatakarda, mai so ya duba bayan an tashi, a riƙa kama su ta gehe.